Karatu kaɗai ya kai mu, ko akwai sauran abin gani? Kiɗa, ƙwallo da fitar dare a ƙasar waje

Nura_Injiniya
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da saukata Manchester, ina shekarar farko a injiniyanci, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina. Tun da hunturu ya shigo, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. In fito daga lacca in tarar gari ya yi duhu, in koma ɗaki in rufe ƙofa, shi ke nan sai gobe. Mu shida muke haɗa kicin a gidan ɗalibai. Daren Laraba da na Juma'a sauran biyar ɗin sukan taru a kicin ɗin su kunna kiɗa, wajen ƙarfe sha ɗaya su ɗunguma su fita. Sati biyun farko suna ƙwanƙwasa mini ƙofa, ina cewa a'a, ina cewa a'a, har suka daina. Wallahi ranar da na ji takunsu ya wuce ta bakin ƙofata ba wanda ya taɓa ta, sai da wani abu ya tokare ni a ƙirji, alhali ni ne na ƙi.

Ba na shan giya, ba ni kuma da niyyar farawa. Amma ina son kiɗa, ƙwallo kuwa ina sonta kamar raina, ga Old Trafford a cikin garin da nake kwana, ko bangonsa ban taɓa gani ba. Da zan taho, Baba magana ɗaya ya yi mini: karatu ya kai ka. To ku da kuka riga ni, mutum zai iya shekara uku a ƙasar mutane daga aji sai ɗaki? In kuma kun fita, ina kuka je, me kuka gani, me ya same ku? Gaskiya nake so, ba lallashi ba.

Malam_Dattijo
Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifinka ya gama magana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. 'Ya'yana biyu suna karatu a waje yanzu haka, abin da na faɗa musu ke nan. Waɗannan da suka daina ƙwanƙwasa maka ƙofa alheri suka yi maka. Shekara uku kamar gobe ne, filin ƙwallo kuma ba inda zai je. Kuɗin da ake tura maka da gumi aka samo shi, ka tuna da wannan duk sanda ka ji takunsu.

Ummi_Farmasi
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja kaɗan. Abin da kuke faɗa shi na yi a shekarata ta farko a Leeds, har na kai ina kwana uku ban yi magana da ɗan Adam ba sai a waya. Karatun da na kulle kaina dominsa shi ya fara lalacewa. Sai in shafe awa guda a shafi ɗaya, barcina ya juya, ina kwana ido biyu ina gyangyaɗi a aji.

Nura ƙanena, duba jadawalin laccarku, da wuya ka ga komai ranar Laraba da rana. Da gangan ne. Yawancin jami'o'in Birtaniya suna barin wannan lokacin don wasanni, ranar ake buga gasar jami'o'i ta BUCS. Fitar daren Laraba da kake gani ma daga nan ta samo tushe, ƙungiyoyin wasa ne ke fita bayan an tashi. To kai ka ɗauki ranar ka bar musu daren. Ba dole sai ka shiga babbar ƙungiyar makaranta ba, akwai gasar cikin gida ta 'yan biyar-biyar da kowa ke iya shiga. Sannan kowace Asabar ƙarfe tara na safe ana gudun kilomita biyar kyauta, parkrun suke kiransa, a Landan aka fara shi a 2004, kuma a garinku ana yi a Platt Fields. Ni can irinsa na samu mutanen da har yau muke zumunci.

Abba_Istanbul
Zan yi dogon bayani, ku yi haƙuri. Na yi shekara guda ana koya mini Turkanci a aji, na ci jarrabawa, amma in na shiga kasuwa bakina ya mutu. Ranar da harshena ya kwance ita ce ranar da wani ɗan ajinmu ya ja ni kallon Galatasaray. Sai da na yi katin Passolig tukuna, don a 2014 aka daina shiga wasan lig a Turkiyya da tikitin takarda, a lokacin komai yana kan katin da ke ɗauke da sunanka da hotonka. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Seyrantepe, inda filinsu yake, taragon cike da ja da rawaya, wani dattijo mai furfura yana buga rufin taragon da tafin hannu yana ba da waƙa, kowa yana amsawa. Ya dube ni, baƙo ɗaya tilo a wurin, ya cire mayafin wuyansa ya rataya mini. Bai tambaye ni daga ina nake ba.

A cikin filin kuwa, duk sanda ƙwallo ta shiga ƙafar abokan hamayya, mutum sama da dubu hamsin ke yin fito a lokaci guda. Ba a kunne kaɗai kake jinsa ba, har a haƙoranka. A wannan filin aka auna ƙarar da ta haura desibel 131 a 2011, a wasansu da Fenerbahçe, ta shiga kundin Guinness a lokacin. Washegari a makaranta mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba suka zagaye ni suna tambaya ya na ga wasan. Daga ranar na samu abokan karatu, waɗanda suka riƙa ba ni tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna fassara mini abin da malami ya faɗa da sauri. Yanzu da Osimhen ya zo a 2024 ya kuma fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin a kakarsa ta farko, mai shago ma yana ganinka sai ya kira sunansa yana murmushi.

Saboda haka ni ba na raba fitar nan da karatuna. Malam_Dattijo, da na bi shawararku da na kawo takarda, amma da ban kawo harshen ba.

Kanarya1907
Abba, ka ba da labarin Istanbul ka tsallake rabin gari. Wanda bai hau jirgin ruwa da yamma ya tsallaka Kadıköy ranar wasan Fenerbahçe ba, bai ga komai ba tukuna. Masu kiɗa suna hawa jirgin su yi ta busa da kaɗa har a isa gaɓa. Kuma kada ka manta da ci 6 da nema na Nuwamban 2002.

Abba_Istanbul
Ban manta ba, kamar yadda ban manta kun shafe shekara goma bayan 2014 ba ku ɗaga kofin lig ba. Mu kuma mun ɗauko kofin UEFA a hannun Arsenal a 2000. Amma maganar jirgin ruwa gaskiyarka ce.

Wanda_Ya_Dawo
Ku bar maganar kofi, yaron nan tambaya ya yi mai nauyi. Ba zan faɗi ƙasar da na je ba, ba zan faɗi makarantar ba, don laifin ba nasu ba ne. Ni ma da kallon ƙwallo na fara, a wata mashaya, da lemo a hannuna. Wata shida ban taɓa komai ba, ina alfahari da hakan. Abin da ya fara tafiya ba addinina ba ne, barcina ne. A dawo ƙarfe huɗu, laccar ƙarfe tara ta wuce, in ce zan karɓi rubutun wani. Sai kuɗi: na shiga, na mota da tsakar dare, na sutura don kada a raina ka a bakin ƙofa. Kuɗin haya na fara taɓawa, daga baya na makaranta. Sauran abubuwan da kuke tunani sun biyo baya, amma a lokacin an riga an gama da ni. Na faɗi kwas uku a zango ɗaya, aka yanke tallafin karatuna, na dawo ba takarda. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, kuka kawai ta yi, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Nura, ban ce kada ka fita ba. Amma duk wanda ya ce maka shi ya san iyakarsa, ka tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya.

Malam_Dattijo
To kun ji. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Hajara_Berlin
Allah ya sa hakan ya zama kaffara, Yaya. Amma Baba, ku lura da abin da ya faɗa da kyau: bai ce filin wasa ya kayar da shi ba, ya ce ƙarfe huɗun dare ne. Muna haɗa abubuwa uku a buhu ɗaya, kiɗa da wasa da gidan rawa, alhali ba ɗaya ba ne.

Ni ina garin da ya fi ko'ina suna a fitar dare. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe mashaya a Berlin ta Yamma, har yau akwai wuraren da ake shiga daren Asabar a fito Litinin. A 2024 ma hukuma ta sa kiɗan tekno na Berlin cikin jerin al'adun gado na Jamus. Amma a wannan garin dai, in ka ɗaga rediyo a ɗakinka bayan ƙarfe goma na dare maƙwabci zai buga maka ƙofa, don daga goma zuwa shida lokacin shiru ne. Kowane abu da wurinsa.

Sau ɗaya na bi ƙawayena har layin shiga wani gidan rawa. Muka yi awa guda cikin sanyi, ina jin ƙasa tana rawa a tafin ƙafata saboda ƙarar da ke fitowa daga ciki, sai na gane ba na son shiga, na juya. Ba wadda ta ji haushi. Wurin da na koma na maƙale shi ne zauren kiɗa na Philharmonie. Ranar farko ban san ba a tafa hannu a tsakiyar kiɗa in an ɗan tsaya ba, sai matar da ke gefena ta dafa hannuna a hankali ta yi murmushi. Makaɗa kusan ɗari, ba lasifika ko ɗaya, amma in mai sarewa ya ja numfashi kana ji. Ƙarfe goma da rabi ina kan gadona.

Abu ɗaya da maza ba sa lissafawa: mu tunanin dawowa muke fara yi kafin tunanin tafiya. Wace tasha, wane titi ne mai haske, wa zai san na iso. Kofin da kika ajiye kika juya baya, ko ruwa ne, kada ki sake ɗauka.

Abu_Huzaifa
Ni mamaki nake yadda ake ta maganar kiɗa kamar ba a san hukuncinsa ba. Ku ji tsoron Allah. Ƙwallo dai da sauƙi in ba ta ci lokacin salla ba.

Shugabar_Zaure
Malam Abu_Huzaifa, an ji nasiharka, Allah ya saka. Mas'ala ce da malamai suka daɗe suna magana a kanta, kowa ya koma ga malaminsa. Don Allah kada a karkatar da zancen nan can, a bar Nura ya samu amsar abin da ya tambaya.

Bashir_Alkahira
Ni abin da nake so in gyara shi ne tunanin cewa dare na masu giya ne. Ya danganta da garin. A Alƙahira ƙarfe sha biyun dare za ka ga iyali guda, da kaka da jarirai, suna yawo a bakin Nilu. Daren ɗalibi a nan gidan shayi ne, ahwa suke cewa: kujeru a bakin titi, talabijin a rataye, ana buga dara irin tasu ana musu kan Al Ahly da Zamalek. In wasan ya ƙare sai mai wurin ya saka Ummu Kulsum. Matar nan ta rasu tun 1975, amma har yau za ka ga direban tasi ya rufe ido yana bin baitinta. A zamaninta daren Alhamis ɗin farko na wata ake sa wasanta kai tsaye a rediyo, waƙa ɗaya ta kai awa guda. Larabcin da na koya a bakinta ya fi wanda na haddace a nahawu zama a kaina, don tana maimaita baiti ɗaya sau da yawa, kowane da irin lanƙwasarsa. Sannan akwai rawar tannura a Wikalatul Guri, kusa da Azhar, namiji ɗaya yana juyi da siket mai launi fiye da rabin awa bai faɗi ba.

Amma filin ƙwallo, Abba, ba ko'ina ne irin labarinka ba. A Fabrairun 2012 sama da mutum 70 suka mutu a Port Said bayan wasan Al Masry da Al Ahly, aka shafe shekaru ana buga lig ba 'yan kallo. Baƙo ya fara tambayar 'yan gari wane wasa ake zuwa, wane gefe ake zama, wace riga ba a sakawa a wace unguwa.

Likitan_Gobe
Tun da Abba ya ambaci desibel 131, bari in sa baki ta fannina. Ƙarar desibel 85 kunne yana jure ta kamar awa takwas. Duk ƙarin desibel uku, lokacin yana raguwa da rabi. In an kai 100, wadda ita ce irin ƙarar gidan rawa da manyan tarukan kiɗa, kamar minti 15 ne. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan ka dawo gida alama ce cewa ƙananan gashin da ke cikin kunne sun wahala, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan, har da abin sauraro da muke toshe kunne da shi a ɗaki. Nura, wannan ya shafe ka ko ba ka fita ba. Wanda zai je taron kiɗa ya sayi abin toshe kunne a kemis, ya kuma nisanci gaban lasifika.

Sadiq_KL
Maganar Wanda_Ya_Dawo kan barci ta taɓa ni, don mu a Malesiya ba gidan rawa ke cinye mu ba, agogo ne. Wasan gasar zakarun Turai ƙarfe uku ko huɗun asuba yake kamawa a nan. Shagunan abinci da ake kira mamak ba sa rufewa, ga babban allo, ga abokai, ba giya ba komai, zama ne mai tsabta. Amma ka yi haka Talata da Laraba, satin ya tafi. Zangon da na fi faɗuwa ban taka wurin banza ko sau ɗaya ba. Daga baya na yanke wa kaina: wasa ɗaya a sati, sauran in ga taƙaitawa da safe.

Abin da ya maye gurbin shi ne badminton. A ƙasar Lee Chong Wei kake, mutumin da ya ci azurfa sau uku a jere a Olamfik, 2008 da 2012 da 2016, kowace unguwa da zaurenta. Wani tsoho ɗan shekara sittin da wani abu ya yi ta wana ni daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ko gumi bai yi ba, da aka tashi ya kama hannuna ya gyara mini riƙon raket. Kuma gargaɗi ga masu zuwa nan: dokar ƙwaya ba wasa. An cire tilascin hukuncin kisa a 2023, amma hukuncin yana nan, alƙali na iya yankewa. Kada ka riƙe wa kowa jaka a wurin taro.

Zee_Bangalore
Nan Indiya kuma wasan kurket ne addinin gari bayan addini. Na yi wata shida ina ganinsa kamar ba a yin komai, sai wata ƙawata ta zaunar da ni ta bayyana mini: jifa shida ne zagaye ɗaya, a gasar IPL kowane ɓangare zagaye ashirin yake samu, cikin awa uku da ɗoriya an gama. Ranar da muka je filin wasa na Chinnaswamy na fahimci abin da Abba yake nufi. Amma mu mata a ɗakin kwanan makarantarmu akwai lokacin rufe ƙofa, na maza kuma ya fi namu nisa, don haka rabin muhawarar nan ma ba ta taso mana ba. Abin da ya fi burge ni a kiɗansu na gargajiya shi ne kowane salo da lokacinsa: Bhairav na asuba ne, Yaman na bayan faɗuwar rana, Darbari na tsakar dare.

Jamil_Michigan
A Amurka sai ka cika shekara 21 kafin a sayar maka da giya, don haka yawancin 'yan shekarar farko a gidaje suke shagalinsu, kuma nan ne haɗarin, ba mai gadi ba mai lura. Abin da ɗan ƙasa zai yi a ja masa kunne, kai baƙo bizarka ce a kan layi. Wiwi ma haka: jihohi da yawa sun halatta, amma dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma ita ce ke riƙe da takardunka. Wasa kuwa, ranar Asabar filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000 don kallon ɗalibai, ba ƙwararru ba. Ban gane dokokin ƙwallonsu ba sai a shekara ta biyu, 'yan badujala nake zuwa kallo.

Malam_Dattijo
Na karanta duka. 'Yata Hajara, maganarki ta raba abu uku ta shige ni, ban ƙi ta ba. Amma ku duka da kuke ba da labari mai daɗi, waɗanda suka tsira ne. Waɗanda ba su tsira ba mutum ɗaya ne ya yi ƙarfin halin magana a cikinsu. Uba yana nesa, ba ya ganin wane ne abokin, ba ya ganin ƙarfe nawa ne. Abin da yake da shi kawai shi ne ya ce kada ka je. Ku yi mana uzuri.

Ummi_Farmasi
Baba, uzurinku karɓaɓɓe ne wallahi. Sai dai akwai wasu da su ma ba sa magana: waɗanda suka zauna a ɗaki har ciwon damuwa ya kama su. Na raka wata asibiti da hannuna, yarinyar da ba ta taɓa fita ko nan da can ba. Iyayenta suna ta yabonta a waya.

Kabir_Akawu
Ba wanda ya yi maganar aljihu sai Wanda_Ya_Dawo. Nura, bizar ɗalibi a Birtaniya awa 20 a sati ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma kada ka kuskura ka haura don neman kuɗin tikiti. Tikitin wasan Firimiya a Old Trafford sai ka yi rajistar zama mamba tukuna, manyan wasanni kuma da wuya su zo hannunka. Kada ka saya a hannun masu tsayawa a bakin fili, haramun ne a dokarsu kuma jabu ya yi yawa. Ka fara da wasan kofi na tsakiyar mako, ko ka je ƙananan kulob da ke kewaye da kai, irin su Stockport County da Bolton da Oldham. Akwai ma FC United, wadda magoya bayan Manchester United suka kafa da kansu a 2005 don fushin sayar da kulob ɗin ga iyalan Glazer. A can kana jin muryar koci, kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo. Wani abu kuma da zai kwantar maka da hankali: tun 1985 doka ta hana shan giya a inda ake ganin fili a manyan wasannin Ingila, don haka a kujerarka ba mai miƙo maka kofi. Wasannin ƙarfe uku na Asabar ma ba a nuna su a talabijin a cikin ƙasar, sai wanda ya je.

Hajara_Berlin
Ƙari a kan na Kabir: a kan titin Oxford Road akwai kwalejin kiɗa ta RNCM, ɗalibanta sukan yi wasa da rana, ka duba jadawalinsu. Ƙungiyar makaɗa ta Hallé kuma tun 1858 take garinku.

Nura_Injiniya
Na gode ƙwarai, na karanta kowace amsa, ta Yaya Wanda_Ya_Dawo sau uku na karanta. Ga abin da ya faru. Jiya Laraba na bi shawarar Anti Ummi na je wurin 'yan biyar-biyar. Ana yayyafi, fitilu a kunne tun ƙarfe uku da rabi, yatsuna sun ƙage har na kasa ɗaure igiyar takalmi. Wata ƙungiya ba su cika ba suka sa ni a baya. Ashe mai tsaron gidansu ɗaya ne daga cikin 'yan kicin ɗinmu, wanda ɗakinsa ke kallon nawa. Da aka tashi muka taho tare, a hanya ya ce shi ya ɗauka ba na son mutane ne. Na ce masa giya ce ba na sha. Ya tsaya ya dube ni ya ce, to ai shi ke nan abin da za ka faɗa tun farko. Da daddare sun fita kamar kullum, amma kafin su fita ya ƙwanƙwasa, na fito na zauna da su a kicin kamar minti arba'in, suka ce in saka musu kiɗan da nake ji. Na saka, wata 'yar Girka ta tambayi sunan kayan kiɗan ta rubuta a wayarta. Da suka tashi na koma ɗaki na yi aikin lissafin da ya gagare ni tun Litinin.

Ban faɗa wa Baba ba tukuna. Ban san ta inda zan fara ba, kuma ba na son ya ji a bakin wani.

Wanda_Ya_Dawo
Ka faɗa masa. Ni ranar da na fara ɓoye inda nake zuwa, ranar na fara zamewa. Kuma minti arba'in ɗin nan ka riƙe shi da kyau, wata rana za su ce ka raka su bakin titi kawai.

Malam_Dattijo
Ka kira shi da rana, ba da dare ba, ka fara da sakamakon gwajin da ka yi na ƙarshe. In ya yi shiru kada ka cika shi da magana. Ni dai har yanzu zaman kicin ɗin bai kwanta mini ba.

Abba_Istanbul
A baya suka sa ka? Lamba nawa kake bugawa asali?

Nura_Injiniya
Takwas nake bugawa, Yaya Abba, sun ce mako mai zuwa za su matsar da ni tsakiya. Yaya Kabir, wasan Stockport na Asabar ɗin nan, a intanet ake sayen tikitin ko ana samu a bakin ƙofa? Mai tsaron ragar tamu ya ce zai zo, kuma ina so in san jirgin ƙarfe nawa zan kama in dawo kafin isha'i.